Filin Tambaya da Amsa: Me ya sa baƙon mafarauci ke biyan ninki 12 a Amurka?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki, ya iyali ya sanyi? Yaron nan nawa da ke aikin jinya a jihar Tekzas ta Amurka ya gaji kakansa wajen son daji. Shekara shida ke nan yana ce mini yana tara maki don ya je wata jiha wai ita Wayomin ya harbi wani babban naman daji. Kwanan baya ya kira ni ransa a ɓace, wai an ƙara kuɗin lasisi, an sauya doka, kuma su baƙi aka nufa. Malam, yaron nan takardunsa cikakku ne, yana biyan haraji. Ko don yana baƙar fata ne ake yi masa haka? Kuma makin nan da ake saye da kuɗi ana jiran sa'a, anya ba caca ba ce?

Daga wata uwa, Jekadafari, Gombe.

AMSA: Hajiya, lafiya lau, sanyi alhamdu lillahi. Na ga har wasiƙar ta ƙare ba ki kama sunan yaron ba, na ce to wannan ɗan fari ne, alkunya ba ta bar gidajenmu ba tukuna.

Ki kwantar da hankalinki a kan batun fata, aƙalla a wannan gaɓar. Baƙuntar da ake maganarta ta jiha ce. Farin Bature haifaffen Tekzas, wanda kakannin kakanninsa suka tashi a can, in ya nufi Wayomin farauta, farashin da aka yanka wa ɗanki shi za a yanka masa, ba ragin ko sisi. Ɗanki kuwa da zai tattara komatsansa ya koma Wayomin ya zauna shekara guda cur, ya cika sharuɗɗan zama, to ya zama ɗan gida a idon hukumar namun dajinsu. A jihar Kolorado wata shida ne ma. Wurin da mutum ke kwana yake tashi suke dubawa.

Dabbar da yake so sunanta elk. Ki ɗauki gwanki irin na Yankari, ki ƙara masa jiki, ki sa masa ƙaho mai rassa kamar busasshen reshen bishiya. Babban namiji yakan kai kilo 300, har ya wuce. Ɗan Wayomin dala 57 yake biya a ba shi lasisin harbin guda ɗaya. Baƙo dala 692. In muka ɗauki dala a kan naira 1,500, ɗan gida ya biya naira dubu 85 da 'yan kai, baƙo ya biya miliyan ɗaya da ɗoriya. Ninki 12 ke nan. Amma ina jin ba wannan ne ya ɓata wa yaron rai ba, don wannan ya saba da shi. Akwai layi na biyu, na masu hannu da shuni, inda mutum ke ƙara kuɗi don ya shiga ƙuri'ar da masu neman ba su cika yawa ba. Da can dala 1,268 ne. Daga farkon 2024 ya koma 1,950, wato dab da naira miliyan uku, kuma wannan izinin shiga daji ne kawai. Ba a yi maganar jirgi ba, ba man mota, ba tanti, ba kayan sanyi. Barewarsu da ta shiga wannan layi ta koma dala 1,200. Ragon dutse ya haura dala 3,000, baunarsu ta haura 6,000. Kuma tun 2023, lasisin waɗannan manyan da ba su da yawa, irin ragon dutse da bauna, kashi 90 cikin 100 na 'yan gida ne, baƙi su yi ta kokawa a kan 10.

Ba Wayomin kaɗai ba ce. Kolorado ita ta fi kowace jiha yawan elk, kuma shekara da shekaru ita ce mafakar marasa haƙurin layi: ka shiga kanti, ka sayi lasisin farauta da kwari da baka, ka wuce dutse. E, Hajiya, har gobe Turawa na farauta da baka, kuma lokacinta daban yake da na bindiga. Da mahaifina na raye da ya yi dariya ya ce ashe su ma suna da Sarkin Baka. To daga 2025 an rufe wa baƙi wannan ƙofa a yammacin jihar, inda duwatsun da dabbar suke, sai ta hanyar ƙuri'a. Jihar Aidaho a 2021 ta ɗaga lasisin elk na baƙo daga dala 416 da 'yan kai zuwa 651 da 'yan kai. Da can ranar 1 ga Disamba ake buɗe sayarwa ta intanet, dubban mutane su kwana gaban kwamfuta suna jiran layi kamar masu neman gurbin aikin gwamnati, yanzu ita ma ta koma ƙuri'a. Niyu Meziko ta daɗe da raba nata: 84 na 'yan gida, 10 na waɗanda suka ɗauki jagora mai lasisi, 6 kacal na baƙon da zai shiga da ƙafarsa.

Sai batun makin da ya ɗaga miki hankali. Masu son lasisi sun ninka lasisin da ke akwai, don haka ake jefa ƙuri'a. Duk shekarar da mutum bai samu ba, yana iya sayen maki ɗaya, a Wayomin dala 52 na elk. Kashi 75 na lasisin baƙi ana bai wa waɗanda suka fi maki ne, sauran 25 a jefa wa kowa da kowa. Shekara shidan ɗanki dala 312 ke nan. Kuɗin lasisin kansa in ƙuri'a ba ta faɗo kan mutum ba ana mayar masa, sai ɗan kuɗin takarda da ake riƙewa. Hukuncin halal da haram kuwa na malamai ne, ki kai musu yadda na zayyana miki, su suka san inda za su ajiye shi. A idona na ma'aikacin daji, ya fi kama da kuɗin riƙe layi, irin yadda mata ke ajiye jarka a bakin famfo.

Sai dai layin nan yana da wani mugun hali. Kina ajiye jarkarki, na gabanki ba su ragu ba, don famfon ɗigo yake yi. Yankin da bara ake samu da maki biyar, bana sai shida, baɗi sai bakwai, mutum yana ƙara ɗaya layin ma yana ƙara ɗaya. In kuma ya yi fushi ya ƙi saye shekara biyu a jere, duk abin da ya tara ya bi ruwa. Shi ya sa ko an ƙara kuɗi ba ya iya fita: ya riga ya zuba da yawa. Hukumar ta san da haka sarai.

Za ki ce to ina adalci, ba ƙasa ɗaya ba ce? An kai wannan ƙara har kotun ƙolinsu. A 1978 aka yanke shari'ar wani mai suna Baldwin, jagoran mafarauta a Montana, da wasu abokan cinikinsa 'yan jihar Minesota. A lokacin ɗan Montana dala 9 yake biya ya harbi elk, baƙo sai ya sayi lasisin haɗaka na dala 225, ninki 25. Alƙalai shida cikin tara suka ce jiha na da wannan iko, domin farautar elk nishaɗi ce, ba hanyar cin abinci ba. Da na fara karanta wannan hukunci sai da na ajiye takardar na yi shiru, saboda ni da kuɗin ƙafar gada aka saya mini allon farko. Amma can haka abin yake, sayar da naman dajin da ka harba ma laifi ne. A 2005 majalisar ƙasarsu ta sake jaddada wa jihohi wannan iko da doka.

Abin da ke ƙona wa baƙi rai shi ne ƙasar da ake farautar a kanta. Kusan rabin Wayomin filin gwamnatin tarayya ne, na Aidaho ya haura kashi 60. Ɗanki da harajinsa ake kula da wannan daji, dutsen nasa ne kamar na kowa, yana iya zuwa ya kafa tanti ya kwana. Dabbar da ke kiwo a kai kuwa amana ce a hannun jiha, don mutanen jiha. Har akwai wasu dazuzzuka masu nisa a Wayomin da doka ta ce baƙo ba zai yi farautar manyan namu a ciki ba sai da jagora mai lasisi ko rakiyar ɗan jiha. In yawon buɗe ido ya je, ya shiga shi kaɗai ba mai tare shi. Ya rataya bindiga, sai a ce zai ɓata. Masu sana'ar jagoranci ba su taɓa kuka da wannan doka ba.

Ni ga yadda nake ganin lamarin, Hajiya. Ɗanki yana da ƙuri'ar daji, amma ba shi da ƙuri'ar akwati. Wayomin ta ninka jiharmu ta Bauchi wajen sau biyar a faɗi, mutanenta ba su kai dubu 600 ba, kuma da wuya ki shiga gida ba ki ga bindigar farauta ba. Ɗan majalisar da ya ƙara wa ɗan gida dala goma zai gamu da shi a gidan mai, zai gamu da shi ranar zaɓe. Wanda ya ƙara wa ɗan Tekzas dala 700 ba wanda zai tare shi. Ga 'yan gida na ƙorafin motocin baƙi sun cika musu bakin daji, ga hukuma na neman kuɗin aiki. Magani ɗaya ya kashe cuta biyu: a rage baƙi, a tsawwala wa waɗanda suka rage. Alhali mafi yawan kuɗin lasisin da hukumar namun dajin Wayomin ke tarawa daga aljihun baƙin nan yake fitowa.

Ban ce babu rashin kyautawa a ciki ba. In aka ci gaba a haka, farautar dutse za ta zama ta likitoci da 'yan kasuwa, malamin makaranta daga wata jiha sai dai ya gani a hoto. Amma ba zan iya zagin tsarin baki ɗaya ba, don na san inda kuɗin ke zuwa. Wajen shekarar 1900 elk ya kusa ƙarewa a Amurka, abin da ya rage bai kai dubu 50 ba. Yau ana maganar wajen miliyan ɗaya. Da kuɗin lasisi aka yi wannan aiki, da kuma wata doka ta 1937 da ta ware harajin da ake karɓa a kan bindigogin farauta da harsashi, wanda yanzu kashi 11 ne cikin 100, ana raba wa jihohi don namun daji kawai, da sharaɗin jiha ba za ta karkatar da kuɗin lasisi zuwa wani aiki ba. Da shi ake ƙidayar dabbobi ta jirgin sama, a biya ma'aikatan sintiri, a biya manomin da dabba ta yi wa ɓarna. Na yi shekara fiye da talatin ina aikin gandun daji, kuma akwai daminar da muka yi sintiri mu huɗu da tocila ɗaya, ita ma batirin daga aljihuna. In na ji ana kukan lasisi ya yi tsada, wani ɓangare na zuciyata hassada yake yi.

Ki gaya wa yaron, in nama yake so ba ƙaho na rataya a bango ba, Wayomin na da lasisin mace mai rangwame da bai kai dala 300 ba, kuma ba ya cin makin da ya tara. Namanta ya fi taushi ma. Ya riƙa duba littafin dokar kowace shekara da kansa, kada ya dogara da abin da aboki ya ce bara, ya kuma tuna neman lasisin elk na baƙi a watan Janairu ake rufe shi. Ya tabbatar yana da shaidar kwas ɗin koyon farauta, don wanda aka haifa daga 1966 zuwa yau ba ya farauta da bindiga a can sai da ita. Sannan ya shirya ƙafa da baya. In ya kayar da dabbar a kan dutse cikin ƙanƙara, mota ba ta zuwa wurin. Nan zai feɗe, ya raba gida huɗu, ya goya cinya ɗaya a baya ya sauko, ya koma ya ɗauko ta biyu, wataƙila har dare. In ya ɗauki ƙaho ya bar nama ya ruɓe, kotu ce za ta raba su. Allah Ya tsare shi, Ya sa ki ci kilishin.

TAMBAYA: Baba, ni maharbi ne, ɗan maharbi. Da an kawar da amfanin gona sai ka ga manyan motoci daga wasu jihohi cike da mutane da karnuka, su share mana daji a kwana uku, su cinna wuta su tafi. Mu da ke nan duk shekara ko zomo sai mun sha wuya. Me zai hana a sa musu kuɗi mai tsauri kamar yadda na ji ana yi a ƙasashen waje?

Daga wani maharbi, yankin Darazo.

AMSA: Ɗana, na haɗa tambayarka da ta Hajiya da gangan, don kai ne ɗan Wayomin a wannan labari.

Abin da kake nema ba sabo ba ne a wurinmu. Ina yaro, in baƙin maharba suka sauka garinmu, ba sa kwance kaya sai sun je gaida Sarkin Baka da goro. Shi zai ce musu ku bi gabas, kada ku taɓa fadamar yamma, akwai masu ciki. Ya haɗa su da yaro ɗaya ɗan gari. In sun dawo, cinya ta mai gari ce. Na sha riƙe wa mahaifina ƙwaryar da ake zuba hanta. Lasisi ne wannan, da jagora, da kaso, sai dai ba takarda. A takarda ma muna da doka, tun dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, wadda ta jera dabbobin da ba a taɓawa sam da waɗanda sai da izini, ga kuma dokar tarayya ta 1985 kan dabbobin da ke dab da ƙarewa. Yankari kuwa, tun da aka keɓe ta a 1956, ba wurin farauta ba ce ga ɗan Alkaleri balle baƙo. Haka Lame-Burra, haka Sumu.

Sai dai ka lura da abin da ya zo kafin farashi a can Amurka: ƙidaya. Sai sun san dabba nawa ke yanki, su ce bana guda kaza za a cire, sannan a yi rigimar wa zai samu. Mu wa ya ƙirga gadar dajin Darazo? In aka sa kuɗi ba ƙidaya, ba iyaka, abin da za a samu shi ne sabon shinge a hanya da mai karɓar na goro, motar kuma ta wuce da karnukanta. Kuma ka yi mini haƙuri in faɗi wadda ba za ta yi maka daɗi ba. Tarkon waya da na yi shekaru ina kwancewa a daji, irin wanda ake yi da wayar birkin babur, ba baƙi ke ɗana shi ba. Baƙo bai san hanyar ruwan dabba ba. Na taɓa tarar da mazo mace a irin wannan tarko, ta kwana biyu, wayar ta nutse har ƙashi, ɗanta na tsaye gefe bai gudu ba ko da ya gan mu. Mai tarkon ɗan ƙauyen ne, na san mahaifinsa, na ci tuwo a gidansu. Duk dokar da za ta kama baƙo ta bar irin wannan ba za ta dawo maka da zomo ba.

Duk da haka ina goyon bayan a yi wa baƙin mafarauta rajista, da takarda mai hoto da hatimi wadda kowace jiha za ta gane, a rubuta inda za su, da kwanakin da za su yi, da lambar bindiga. A hana wuta, a hana farauta lokacin da namu ke da ciki. Kuɗin ya fi na ɗan gida, wannan ba laifi, amma a san rabon da zai tsaya a ƙaramar hukumar da dajin yake. Wannan takarda kariya ce ga baƙon kansa. Ba mu manta da Uromi ta jihar Edo ba, a watan Maris na 2025, inda aka kashe matafiya 16, mafarauta 'yan Arewa da ke hanyar komawa gida Kano hutun salla, bayan an ga bindigogin toka a motarsu. Allah Ya jiƙansu. Takarda ba ta tare taron da ya riga ya haukace, amma mutumin da ke ƙetare jihohi da makami yana bukatar abin da zai nuna tun a shingen farko, da hukumar da za a kira ta ce e, mun san shi.

Ku fara daga inda hannunku ya kai. Ku zauna da Sarkin Bakanku da hakimi kafin kaka ta wuce, ku ware fadama ɗaya da ba mai shiga shekara biyu, ku da baƙi duka, ku rubuta, ku kai wa jami'in gandun daji na ƙaramar hukuma kwafi. In motar farko ta iso, a tarbe ta da ruwan sha da wannan takarda, ba da gora ba. Ka rubuto mini bayan salla in ji yadda kuka ƙare.

TAMBAYA: Malam, wai da gaske ne a can mafarauci sai ya sa riga mai launin lemo? Dabbar ba ta ganinsa?

Daga wata ɗaliba, Yelwa, Bauchi.

AMSA: Da gaske ne, 'yata, a lokacin farautar bindiga jihohi da yawa sun wajabta, wasu ma sun yarda da ruwan hoda mai haske. Idon elk da barewa ba ya rarrabe ja da lemo yadda namu ke yi, hanci da kunne ne makamansu, shi ya sa maharbi ya fi damuwa da inda iska ke kaɗawa. Rigar don ɗan'uwansa maharbi ce da ke can tsallaken kwari da yatsa a kan kunama.